Kujera Biyu Kacal

Yayana ya sayi motar da ta fi kowace mota gudu a ƙasar Bukkuyum, kuma ita ce ta hana uwarmu zuwa asibiti. Shekara huɗu ke nan, amma duk ranar da na tuna sai zuciyata ta tafasa kamar jiya aka yi. Mutane sun ba ni haƙuri har sun gaji. Mijina ya ce ƙaddara ce. Na ce na yarda da ƙaddara, amma wannan ƙaddarar da hotonta aka zo mana a cikin waya, aka ajiye a kan tabarma, aka ce mu zaɓa.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna. Shi ne ɗan fari, ni ce auta, tsakaninmu shekara goma sha ɗaya. Garinmu ƙauye ne, sai an sauka daga kwalta a Nasarawar Burkullu an bi hanyar ƙasa mai ramuka da kwazazzabai kafin a kai. Ni aure ya kai ni Anka, ina koyarwa a wata makarantar firamare, sai bayan mako biyu ko uku nake leƙo gida. Babanmu ya daɗe da rasuwa.

Inna irin matan da ce masu kunyar ɗan fari, ita kuma tata ta wuce ta kowa, wataƙila don uwarta Bafillata ce. Ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba. Akwai wani mai sayar da manja da ya yi rashin sa'ar zama takwaransa, shi ma sunansa ya mutu a gidanmu, ya koma mai manja har ya bar duniya. Idan Yaya ya zo gaishe ta, yakan tsuguna a bakin ƙofa, ita kuma ta juya fuska ta amsa wa bango. Ba ta karɓar abu daga hannunsa, ba ta zama a tabarma ɗaya da shi. Ana yaye shi kawunmu na Gummi ya ɗauke shi, can ya girma, can ya yi aure. Ni ce wayar da ke tsakaninsu tun kafin a kawo waya ƙasar nan.

"Ce ma wancan ya ci abinci."

"Ce ma Inna na gode."

Ga su zaune taku huɗu da juna, ni ina kai saƙo ina kawowa, har na girma ban ga abin mamaki a ciki ba.

Kada wani ya ce ba ta son shi. Ni na san wadda take jiƙa gero tun jiya idan ta ji zai zo, ta daka fura da hannunta ba ta bari a taya ta. Ni na san wadda take tsayawa a kafar danga tana leƙen bayansa har ya ɓace. Shi dai bai taɓa gani ba, don bayansa ya ba ta. Abin da ya sani shi ne uwar da take amsa wa bango.

Allah ya buɗa wa Yaya a harkar zinari. Ba ya shiga rami, saye yake a hannun masu haƙa ya kai birni. Cikin 'yan shekaru ya gina gida a Gummi, ya yi ƙiba, aka fara kiransa Alhaji tun kafin ya je. A daidai lokacin ne kara ya soki Inna a ƙarƙashin babban yatsan ƙafar hagu. Ɗan ciwo ne da ko yaro ba zai yi wa kuka ba, amma tana da ciwon suga, sai ya ƙi warkewa. Likita a Gummi ya ce a riƙa kawo ta duk mako ana wanke wurin ana naɗewa. Akwai wata tsohuwar motar haya da ke shigowa garinmu ranar kasuwa, tana kwasar mutane da awaki da buhunan dawa. Direban yakan tsaya a ƙofar gidanmu ya danna oda sau biyu, Inna ta fito da sandarta ta shiga. Wata uku tana haka, kuma ciwon ya fara haɗewa. Da idona na ga sabon nama ja yana tasowa. Ina so a riƙe wannan, domin shi ne abin da ya fi ƙona mini rai: ƙafar tana warkewa.

Sai wata rana Yaya ya bi ta tasha ya ga uwarsa tana saukowa daga motar nan, akuya tana taka mata zane, wani kwandasta yana ce mata tsohuwa ki yi sauri. Ya ce ranar bai iya cin abinci ba. Ya rantse ba za ta ƙara shiga motar haya ba, mota zai saya. Niyyarsa mai kyau ce, ban taɓa musun wannan ba. Niyya mai kyau ce ta ja mu har inda muka je.

Ranar da ya zo da hotunan ina gida. Wani dillali ne a Kwatano ya turo masa motoci biyu. Ya tsuguna a bakin ƙofa kamar kullum, ya ajiye wayar a gefen tabarma, ni na ɗauka na kai wa Inna.

Ta farko ruwan toka ce, mai ƙofa huɗu, mai tsawon ƙafa, an ɗan mora ta a can ƙasar Turai amma da sauran ƙarfinta. Irin motar da za a zuba mutum biyar da buhun masara ta haye kwazazzabo ba ta yi tari ba. Ta biyun ja ce, tana sheƙi, ta yi ruf da ciki a ƙasa kamar kwaɗo. Ƙofa biyu, kujera biyu. Kuɗinta zai sayi irin ta farkon har guda uku, Yaya da kansa ya faɗa, kuma da alfahari ya faɗa.

"Ce ma Inna ta zaɓa. Motatta ta."

Inna ta dubi mai ruwan tokar ta wuce. Da ta zo kan jar sai ta tsaya. Ta kawo wayar kusa da ido, ta nisantar, ta sake kawowa. Ta daɗe. Na ga Yaya yana satar kallonta ta gefen ido, fuskarsa tana buɗewa kamar ta yaron da aka yaba wa allonsa. Can ta miƙo mini wayar.

"Ikon Allah," ta ce wa bango. "Ce mai shi da abinai. Allah shi sa albarka."

Bayan ya fita zaure sai ta kama gefen mayafina, ta yi ƙasa da murya.

"Ita waccan jar, ina mutum ka zamnawa?"

"Gaba, Inna. Kusa da direba."

"Babu baya?"

"Babu."

"To," ta ce. Ta saki mayafina.

Ashe ba sha'awa ta sa ta daɗe tana kallo ba. Kujeru take nema. A take na gane, na rantse da Allah na gane. Matar da ba ta zama tabarma ɗaya da ɗanta, ita ce za ta shiga akwati a rufe, kafaɗarta tana gogar tasa, daga garinmu har Gummi? Ko wuƙa aka sa mata a wuya ba ta yi.

Na bi shi waje, na same shi a gindin bishiyar ƙofar gida yana murmushi shi kaɗai.

"Kin gani ko, Malama? Jar ta kama mata ido."

Na ce, "Yaya, hanyarmu hwa? Cikin motag ga ƙasa shika jan."

Ya ce zai sa a cike ramukan, ai taimakon gari ne.

Na ce man da za ta sha. Ya yi dariya, ya ce in bar masa wannan. Na ce idan ta lalace wane makanike ne a Gummi ya taɓa buɗe irinta? Ya ce daga Sakkwato zai kirawo. Na ce hanyar nan ba kullum take da lafiya ba, jar mota kuma daga nesa ake hango ta. Ya ce wanda zai kama ta sai ya yi fiffike. Duk ƙofar da na buɗe sai ya rufe, yana dariya, don duk abubuwan da na kawo masu amsa ne. Abu ɗaya ne ba shi da amsa, shi ne kuwa na riƙe a baki ina juyawa. Har na buɗe baki, sai ya riga ni.

"Auta, kujera biyu ta. Ni da Inna. Babu kawu, babu ke, babu akuya. Ni in tuƙa, ita ta zamna. Ko ba ta ce komi ba."

Dariya ya yi da ya faɗa, amma idonsa bai yi ba. Mutum ne mai furfura a gemu, da mata da 'ya'ya biyar, yana tsaye a gabana yana son uwarsa ta zauna kusa da shi na sa'a guda. Ba gudun motar ya saya ba, ba jan fentin ba. Rashin kujerar baya ya saya. Ta yaya zan dube shi in ce uwarka ba za ta zauna kusa da kai ba? Na haɗiye maganar. Na ce Allah ya sa a yi a sa'a. Ni da nake tsawata wa 'ya'yan mutane saba'in a aji har ana jina a ofishin hedimasta, ranar bakina ya mutu, kuma har gobe ina jin haushin kaina a kan haka.

Bayan mako uku motar ta iso. Tun daga nesa aka ji rurinta, kaji suka watse, jakin maƙwabcinmu ya tsinke igiya. A kwazazzabon shiga gari cikinta ya zauna a ƙasa, sai da majiya ƙarfi takwas suka ɗaga ta kamar makara suka tsallakar. Gari ya fito kallo. Wani dattijo ya zagaya ta sau biyu da sandarsa, ya leƙa ciki, ya tambayi Yaya ina sauran motar, ko a baya za a kawo. Aka yi ta dariya. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini. Yaya ya cika alkawari, ya sa aka zuba ƙasa da duwatsu a ramukan, har liman ya yi masa addu'a ranar Juma'a.

Ranar kasuwa ta farko na zo musamman. Yaya ya iso da hantsi cikin sabuwar shadda. Ya sayo ƙaramar darduma fara, ya shimfiɗa a kujerar da ke kusa da tasa don kada sanyin fatar kujerar ya taɓa ta. Ya buɗe ƙofar ya tsaya riƙe da ita. Na shiga ciki na tarar da Inna ta kwanta ta juya wa ƙofa baya.

"Ce mai yau kaina ka ciwo. Sai wani mako."

Na fita na faɗa masa. Ya ce ba komai, Allah ya ba ta lafiya. Ya rufe ƙofar a hankali.

Ba a jima ba sai ga tsohuwar motar haya. Direban ya tsaya inda ya saba, ya danna oda sau biyu. Inna ba ta motsa ba. Ya ƙara, ya ga jar mota a gindin bishiya, ya ɗaga hannu ya yi wa Yaya murna, ya ja motarsa ya tafi. Bai ƙara tsayawa a ƙofar gidanmu ba.

Mako na biyu ta ce tana da baƙi. Mako na uku ta ce ƙafar ta yi sauƙi, ba sai an wahalar da kowa ba. Duk ranar kasuwa Yaya yakan zo, ya buɗe ƙofa, ya jira, ya rufe, ya koma Gummi shi da dardumarsa. Shi a ganinsa tsohuwar ƙiyayyar ce da ya girma da ita a zuciya, ba ta son komai nasa. Bai tambaya ba, don ɗa ba ya tuhumar uwarsa. Ita ba ta faɗa ba, don uwa ba ta buɗe baki ga ɗan fari. Kowa yana ta ladabi, ƙafa tana ruɓewa.

Da na zo a mako na huɗu na rufe ƙofar ɗaki na tsare ta.

"Inna, na san dalili. To ki bar motatai, ki koma motar haya. Ni zan biya."

Ta dube ni kamar na zage ta.

"Ki so a gan ni tasha? A ce ga uwar mai jar mota cikin awaki? Ki so a zage shi gari duka, a ce ya sayi mota ya bar uwatai tana haya?"

"To bari in hwaɗa mai gaskiya ya canza ta."

"Ya zuba dukiyatai don ni, ki tahi ki ce mai aikin banza ya yi?" Ta ɗaga yatsa. "In kinka hwaɗa mai, ban yahe maki ba."

Ban taɓa jin wannan kalma daga bakinta ba sai ranar. Duk wanda uwa ta haifa a ƙasar nan ya san nauyinta. Na yi shiru karo na biyu. Na je na sami mai kemis na garin, na roƙe shi ya riƙa shiga yana wanke mata, na saya mata auduga da bandeji. Daga baya na ji sau biyu kawai ta bar shi ya taɓa ƙafar, ta ce hannunsa da zafi, ta koma saiwoyi da garin magani da wata tsohuwa ke kawo mata.

Damina ta sauka, jarrabawa ta zo, ɗana ya yi zazzaɓi. Mako biyar ban je ba. Kullum na kira wayar maƙwabciya aka kai mata, amsa ɗaya ce: "Lahiya lau, ɗiyata. Ƙahwa ta yi kyau." Na so in yarda, sai na yarda.

Ranar da na je, tun daga tsakar gida na ji turaren wuta ya yi yawa. Inna ba mai son hayaƙi ba ce, tari yake sa ta. Na shiga na ga kasko biyu suna ci da rana tsaka, ita tana zaune a bakin gado, ta sa safa mai kauri a ƙafa ɗaya, ta ja zane ta rufe. A ƙarƙashin turaren akwai wani wari. Ban gaishe ta ba. Na durƙusa na kama ƙafar, tana ture ni tana cewa mi kike yi, na zare safar. Yatsu uku sun yi baƙi ƙirin. Tafin ya kumbura har idon sawu, yana tsatsafar da ruwa.

Na fita tsakar gida na kira Yaya. Ban san abin da na ce ba. Kafin in gama dafa ruwan zafi sai ga rurin motarsa. Wannan kam ba zan ci amanarta ba, tana da gudu.

Ya shigo ba sallama, karo na farko a rayuwarsa ya tsallake bakin ƙofar ɗakin. Ya ga ƙafar. Ya dafe kai.

"Auta, kama ta mu tahi. Yanzu."

Na kama ta, muka fito har zaure tana ɗingishi. Daga nan ta hango jar motar, ƙofa a buɗe, farar darduma a shimfiɗe. Sai ta sa hannu biyu ta riƙe ƙyauren zaure. Jikinta zafi kamar garwashi, ko tsayuwa ba ta iyawa sosai, amma na ja ta na kasa ɓamɓare ta.

"Ce mai a bari sai gobe," ta ce wa ƙyauren.

Nan ne abin da na danne wata uku ya ɓalle. Na sake ta. Na manta da yafiya, na manta da maƙwabtan da suka fara taruwa.

"Ba ni hwaɗi! Na gaji! Ga shi nan tsaye, ki hwaɗa mai da bakinki! Kai kuma, Yaya, buɗe kunnenka. Ba ta shiga motag ga. Ba ta shiga yau, ba ta shiga gobe. Kujera guda ta, kusa da kai, Inna kuwa ba ta zamnawa kusa da kai ko da ƙahwar za ta guntule. Ba ƙin ka take ba! Don kai ta bar motar haya, kada a zage ka tasha. Don kai ta zamna ɗaki tana ruɓewa tana ƙona turare. Kai kana can kana goge darduma, ita tana nan tana kare maka suna, ni ina tsakiya awa jaka ina kai saƙo! Ku duka kun kashe ni da kunya, ga abin da kunya ta haihwa!"

 Inna ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Yaya ya dubi motar, ya dubi uwarsa, sannan ya dube ni.

"Tun yaushe kinka sani?"

"Tun ranar hoto."

"Kuma kinka bar ni na saye ta."

 Ya juya ya hau bayan wani mai babur. Bayan kamar rabin sa'a sai ga shi a gaban tsohuwar motar hayar nan, ya tare ta a hanya, ya sa an sauke buhuna da fasinjoji ya ɗauki shatarta. Direban ya tsaya a ƙofar gidanmu. Bai danna oda ba. Inna ta saki ƙyauren da kanta. Muka kwantar da ita a kujerar baya, kanta a cinyata, ana jin warin awaki da man fetur.

Duk tsawon hanya idan na waiwaya ina ganin jar motar a bayanmu, Yaya yana tuƙa ta shi kaɗai. Motar da aka ce sai mai fiffike zai kama ta, tana rarrafe a bayan tsohuwar da ba ta iya hawa tudu sai da nishi. A Gummi suka duba suka ce abin ya fi ƙarfinsu, mu wuce Sakkwato. Muka wuce, tana biye da mu. A Sakkwato likita ya kira mu gefe ya ce babu abin da za a ceto daga gwiwa zuwa ƙasa, idan aka jira kuma ba ƙafa kaɗai za a rasa ba. Ya tambaya me ya hana mu kawo ta da wuri, ko rashin abin hawa ne. Na dubi Yaya. Yaya ya dubi ƙasa. Shi ya sa hannu a takardar.

Inna tana nan da ranta. Yaya ya sayar da jar motar da asara, ya sayo mai ruwan toka, ba waccan ta hoton ba, wata irinta. Inna tana zama a baya, daidai bayan kujerar direba inda ko a madubi ba ya ganinta, sandunanta a gefe. Ta yafe mini, ta faɗa da bakinta, ko da yake ban nema ba. Har yanzu takan ce, "Ce ma wancan ya rage gudu." Ni kuma na daina kai saƙo. Nakan ce ya ji, yana da kunne. Mijina ya ce na yi tsauri da yawa a kan tsohuwa mai ƙafa ɗaya. Wataƙila. Ina fushi da ita, ina fushi da shi, ina fushi da duk tsofaffin da suka koya mata cewa son ɗa abin ɓoyewa ne, kuma wadda na fi fushi da ita ita ce matar da ta tsaya a gindin bishiya ta ce Allah ya sa a yi a sa'a.

Amma abin da ba ya barin idona shi ne yammacin ranar da aka yi aikin. Muna zaune a baranda bayan la'asar, Inna ba ta farfaɗo ba tukuna, sai wani ma'aikacin asibiti ya fito da abu a naɗe cikin farin ƙyalle. Ya ce wane ne namiji a cikin dangi, a kai maƙabarta a rufe kamar yadda addini ya ce. Yaya ya miƙe ya tara hannu biyu. Shekararsa hamsin a duniya, ranar ne ya fara riƙe uwarsa.

Na bi shi har inda ya ajiye mota. Ya buɗe but, ɗan rami ne da jak da galan ɗin mai a ciki. Ya tsaya yana kallo, ya rufe. Ya zagayo ya buɗe ƙofar da ya yi wata biyu yana buɗewa. Dardumar tana nan fara tas, ko karyewar ninkinta ba ta baje ba. Ya ɗora ƙyallen a kai, ya gyara masa zama, ya jawo bel ya ɗaure don kada ya zame. Ya shiga ya tayar da mota.

Na tsaya a wurin ina kuka ina zagin motar da ƙarfi, masu jinya suna kallona. Shi kuwa ya fita ƙofar asibitin a hankali, a hankali, yana kauce wa kowane rami, shi da Inna a kujerar gaba.